Mintsinin Inna a Hanyar Ganin Dorina

Sau ɗaya aka taɓa fita da mu yawon buɗe ido muna yara, kuma ni ban dawo daga wannan yawon ba sai da gemu ya fara tsiro mini. A shekarar da aka ba mu mulkin kai ne, bayan an gama zuba gero a rumbu. Mu uku ne a wurin Inna: yayana, ni, da ƙanwarmu wadda ba ta daɗe da yaye ba. Abin da aka faɗa mana shi ne za a kai mu mu ga kogin Kwara, mu ga dorina, mu taka ƙasar Faransa, wato hayin iyaka inda Faransawa suka yi mulki, mu dawo. Abin da ba a faɗa mana ba shi ne Goggo, yayar Baba, za ta zaɓi ɗaya daga cikinmu ta riƙe.

Goggo tana aure a hayin iyaka, wani ƙauyen Dandawa da ke bakin ruwa, tana sana'ar bandar kifi. Ba ta taɓa haihuwa ba. Ita ta goyi Baba bayan rasuwar uwarsu, saboda haka ranar da ta zo ƙauyenmu, gefen Zagga, ta ce tana son ɗa, ba a yi gardamar bayarwa ba. Abin da ya rage kawai shi ne wanne. Ba ta yarda a zaɓa mata ba. Ta ce ba a gane yaro a tsakar gidan ubansa, sai ya yi tafiya, ya gaji, ya ji yunwa. Sai aka shirya mu raka ta gida gaba ɗayanmu, ita kuma ta duba mu a tsanake.

Yayana ya ji wannan maganar, domin yana bayan zana yana ba akuya dusa lokacin da ake yin ta. Ni ban ji ba. Ranar da za mu tashi ya ja ni gefe.

"Goggo ta ce duk wanda ya fi ƙwazo a hanya za ta sai mashi takalmin roba a kasuwar Faransa," in ji shi. "Mai maɗauri, irin na ɗan malamin makaranta."

"Kai fa, ba ka so?"

"Ni takalmi zafi yake sa ni. Na bar maka. Amma kar ka tambaye ta, ta ce wanda ya tambaya ya faɗi."

Ban taɓa sa takalmi ba a lokacin. Kafin a ɗaure wa jaki kaya na riga na ɗauki ƙullin Goggo na aza a kai.

Ban taɓa ganin Baba da fara'a irin ta wannan tafiyar ba. Mutumin da zai wuni a gona bai ce uffan ba, sai ga shi yana nuna mana komai. Ya tsayar da mu gindin wata kuka mai kogo, ya ce mu shiga mu uku mu ga ta ɗauke mu. Ya nuna mana birai suna tsere a gefen fadama, ya nuna mana gauraki biyu suna taku kamar masu sarauta. Ƙanwarmu tana kan jaki tsakanin taiki biyu tana tafi. Inna tana gaba da tulu a kai, ba ta juyo ta kalli ko ɗaya ba. Goggo kuwa a baya take tafiya, bayan kowa, inda take ganin ƙafafunmu.

Ba mu yi nisa ba yayana ya fara ɗingishi. Ya ce ƙaya, aka duba babu. Ya ce to ciki ne. Da aka sauka cin abinci gindin wata tsamiya ya shanye furarsa, ya zura hannu a dambun ƙanwarmu har ta yi ihu, sannan ya yi gyatsa a gaban Goggo. Baba ya zare masa ido. Ni kuwa na wanke ƙoƙo, na ɗebo ruwa, na durƙusa na miƙa wa Goggo. Na rage rabin furata na ce na ƙoshi, alhali cikina yana kuka.

"Wanga ba ya ci da yawa," in ji Goggo.

"Kunya ce ta baƙo," in ji Inna. Shi ne karo na farko da ta yi magana tun fitowarmu. "A gida ba ya barin komi a tukunya."

Sai Inna ta kira ni ta ce in kawo ƙafata ta duba. Akwai 'yar ƙaya a diddigena wadda ban faɗa wa kowa ba. Ta zare allura daga bakin zanenta ta fara tono. Inna ta iya cire ƙaya, mutanen unguwa ma wurinta suke kawo 'ya'yansu, ba ka jin komai sai ta nuna maka ita a kan yatsa. Ranar kuwa ƙayar ta fita, ita ba ta daina tono ba. Da ɗaya hannun ta kama naman cinyata ta ciki, inda ya fi laushi, ta murɗe. Na ɗaga kai na dube ta. Idonta yana kan ƙafata. Na cije leɓe na tuna takalmi.

"Ba ka jin zahi?" ta ce a hankali.

"Ba ni ji."

Ta ture ƙafar daga cinyarta kamar wadda ta taɓa ƙazanta.

A Bagudo muka bar jakin gidan wani abokin Baba, muka gangara bakin ruwa. Duk wanda ya tashi a tudu ya san yadda ganin Kwara na farko yake. Na zaci sama ce ta faɗo ta kwanta a ƙasa. Ƙanwarmu ta ɓoye fuska a zanen Inna. Jirgin da muka shiga na wani Basarke ne, masunci, tsoho mai faɗin ƙirji, jirgin katako dogo da rumfar zana a tsakiya. Ruwa za mu haura, don haka gefe-gefe yake bi yana tura mu da gora.

"Mutanen tudu," ya ce yana kallonmu. "To wa zai fara yi mani amai? Ku faɗa tun yanzu in ba shi wurin zama a baki."

"Ni," in ji yayana, kuma bai saɓa alkawari ba.

Ruwa yana tsattsafowa ta tsagin katako yana taruwa a ƙasan jirgi. Ba wanda ya sa ni, na ɗauki ƙoƙon da ke wurin na shiga kwarfewa. Na wuni ina yi har hannuna ya yi fari ya tattare. Basarken ya ce wa Baba in ba ya son wannan yaron ya bar masa shi. Baba ya yi wata irin dariya wadda ba ta kai ciki ba. Goggo ta ce, "An riga ka," na ɗauka wasa take yi, har na taya su dariya.

Kwanakin jirgin nan, in faɗi gaskiya, su ne mafi daɗi da na yi ina yaro. Mukan sauka a kan yashi a gasa kifi, mu tono ƙwan tsuntsu, mu yi tsere da kaguwa. Baba ya sassaƙa wa ƙanwarmu ɗan jirgi da karan dawa. Mun ga Fulani suna ƙetarar da shanu, ƙaho kawai kake gani a kan ruwa, makiyayin yana riƙe da wutsiyar ta baya. Abu ɗaya ne ya ɓata mini su, shi ne Inna. Duk inda na zauna sai ta matso. In na miƙa hannu ɗaukar kifi ta buge shi. In na yi waƙa ta ce in rufe mata baki. Cinyata da bayan hannuna duk suka yi tabo baƙi-baƙi. Ba ta taɓa yayana ba, wanda ke birgima yana kukan a mai da shi gida. Shi ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kira, ko kallonsa ba ta yi a gaban mutane. Ba ta taɓa ƙanwarmu ba. Ni kaɗai. Na yi ta neman laifin da na yi mata ban samu ba, sai na ƙara ƙwazo ko za ta huce.

Dorinar mun gan ta da hantsi, a wani wuri da ruwa ya yi kwana bayan tsibiri. Basarken ya daina turawa, ya ɗaga hannu. "Kowa ya yi shiru," ya ce. "Tana da ɗa."

Da farko ban ga komai ba sai duwatsu masu sheƙi. Sai dutse ɗaya ya kaɗa kunne, ya hura ruwa ta hanci. Ga ƙaramin a gefenta yana nutsewa yana ɓullowa. Can ta buɗe baki, ja wur, haƙoran kamar taɓare, na ga ƙanwarmu za ta shige ciki a tsaye ba ta sunkuya ba. Yayana ya ƙwalla ihu ya faɗa ƙasan jirgi, jirgin ya yi tangal-tangal. Basarken ya zage shi har kakansa, a cikin raɗa. A daidai wannan lokacin Inna ta zura hannu ƙarƙashin rigata ta kama fatar haƙarƙarina da farce. Wannan ya fi na baya duka. Na ji farcen ya shige, na ji wani abu mai ɗumi yana gangarowa. Hawaye ya cika mini ido har dorinar ta zama biyu, amma ban bari ya zubo ba, ban kuma yi sauti ba.

Kowa a jirgin yana kallon dorina sai Goggo.

Da muka wuce, Baba ya dafa kaina. "Kun gani ko? Yanzu in kun koma gida kuna da abin faɗi."

Iyakar ba ta burge ni ba. Na zaci katanga ce mai ƙofa. Ashe wani guntun turken siminti ne a cikin ciyawa, tsuntsaye sun yi masa kashi. Baba ya sa aka tsaya, ya hau da mu, ya ce kowa ya sa ƙafa ɗaya nan ɗaya can. "Ga ku a ƙasa biyu," ya ce. "Yanzu ba Bature can, ba Bature nan. Kowa ya mallaki kanshi." A gaba kaɗan akwai rumfa da sabuwar tuta, da wani jandarma mai gajeren wando wanda ya gaida Goggo da Dandanci kamar uwarsa. Ya gutsuro mana wani dogon burodi mai tauri. Yayana ya fizge nasa da na ƙanwarmu. Ni na kai wa Goggo nawa na ce ta fara ci.

Gidan Goggo tun daga nesa ake jin sa. Murhunan banda a jere, hayaƙi ba ya yankewa, bango da rufi da kaji duk sun yi baƙi. Mijinta tsoho ne da ke wuni yana ɗinkin taru, ban ji ya yi magana da Hausa ba ko sau ɗaya. An kai mu kasuwa mun ga atamfofi da madubai da gishiri dutse-dutse. Na ga rumfar takalma, na tsaya, Goggo ta wuce ba ta ko rage tafiya ba. Yayana ya raɗa mini, "Sai ranar ƙarshe. Gwada ka take yi."

Ana gobe za a koma, da la'asar, matan maƙwabta sun shigo gaida baƙi, ana zaune ana ɓarar gyaɗa. Inna ta gyara murya.

"Yaya," ta ce wa Goggo, "gara in hwaɗa maki gaskiya tunda gidanki muke kwana. Wanga na tsakiya shina fitsarin kwance. Kuma hannunshi ba ya zama wuri ɗaya. In kin ga kifinki ya ragu kar ki nemi kowa."

Ban taɓa jin kunya irin wannan ba. Matan suka juyo suna kallona, wadda ke jin Hausa tana fassara wa sauran.

"Inna, yaushe?" na ce.

Ta kai mini mari da bayan hannu. "Ƙarya nike yi?"

Sai yayana ya tashi daga inda yake kwance. "Ba shi ba ne," ya ce. "Ni ne. Ni ke yi, da asuba in ja tabarmar in tura wurinshi. Kifin ma ni ne."

Matan suka kwashe da dariya, wata har da riƙe ciki. Na dubi yayana da godiya. Na ɗauka kare ni ya yi.

"Gidan ƙanena ya yi albarka," in ji Goggo, tana ɓarar gyaɗarta. "Har rige-rigen fitsari ake yi."

Inna ta tashi ta shiga ɗaki. Baba yana zaure, ya ji komai, bai leƙo ba.

Da safe Goggo ta ce akwai tudun da ke bayan ƙauye, daga kansa ana ganin ƙasa biyu da ruwan gaba ɗaya, amma hawan da wuya, mai ƙwazo kaɗai za ta je da shi. Yayana ya riƙe ƙafarsa ya ce shi ba zai iya ba. Baba yana ɗaure kaya, ya ce, "Tahi ka gano muna," bai ɗago ba. Inna tana bakin ƙofa tana goya ƙanwarmu. Da zan wuce ta miƙo hannu, ni kuwa na goce, don na san abin da hannun yake yi. Na bi Goggo da gudu.

Hawan ya ɗauke mu lokaci. Tana tafiya a hankali, tana tsayawa ta huta inda babu dalilin hutawa. Da muka kai sama na ga abin da ta faɗa gaskiya ne. Ga Kwara shimfiɗe tana sheƙi, ga tsibirai, ga gonakin shinkafa, ga hayaƙin gidanta ya miƙe tsaye. Ban sake ganin wuri mai kyau kamarsa ba, kuma na yi yawo.

"Goggo," na ce, "na san an ce kar in tambaya. Amma yau ce ranar ƙarshe. Takalmin fa?"

"Wane takalmi?"

Na faɗa mata. Ta saurara har na gama, ta yi ɗan murmushi. "Yayanka zai yi nisa," ta ce. Sai ta nuna ruwa da haɓa. "Kana da ido. Jirgin wa ke nan?"

Ya riga ya kai tsakiya. Mai gangara ba ya bukatar gora, ruwa ne ke ɗaukarsa, kuma yana sauri. Na gane rumfar zanar. Na gane shuɗin zanen Inna, ta ba tudun baya. Na gane yayana, yana tsaye cak a kan ƙafa biyu a bakin jirgin, shi da ya wuni yana amai a ciki, yana ɗaga mini hannu.

Na zabura zan gangara. Goggo ta cafke wuyan hannuna yadda take cafke tarwaɗa mai rai a bayan kai. Ba ta ja ni ba, ba ta yi tsawa ba, ta dai riƙe har jirgin ya sha kwana. A nan kukan da na tara tun daga Zagga ya zo gaba ɗaya. Ta bar ni na yi shi har muryata ta dushe.

"Ashe akwai shi," ta ce. "To ka yi ka gama, akwai itace da za mu ɗauka a hanya. Kuma kar ka ce da ka yi shi a jirgi da ka tsira. Ni babban na zo ɗauka, ya fi ka ƙashi, ɗingishin ƙarya kuma kwana biyu zan cire mashi shi. Uwarka ce ta canza mani. Tun gindin tsamiyar nan na ga wanda take mintsini. 'Ya'ya ukku gare ta, ɗaya kaɗai take ɓatawa don kar in so shi. Sai na ce to, ga mai kyan nan."

Muka sauko da itace a kai, ni da ita.

Na yi shekaru a cikin hayaƙin nan. Ni ke saro itace, ni ke juya kifi, ni ke kai shi kasuwa. Idona na hagu har yau yana ruwa. Goggo tana duka da duk abin da ke kusa da hannunta, amma ba ta taɓa hana ni abinci ba, kuma a gefenta na koyi ciniki. Har gobe in na shiga kara sayen dabba ba na sauraren wadda ake yabo. Ina duba wadda mai ita ya tsaya a gabanta yana cewa ba ta da lafiya. Takalmi kuwa da kaina na saya, bayan ƙafata ta riga ta yi kaushin da ba ta bukatarsa.

Bayan Goggo ta rasu na ɗaure kwandon banda na gangaro gida. Baba ya tsufa. Ya dube ni sama da ƙasa, muka gaisa, sai ya ce, "To, ka dai ga dorina." Yayana ya gaji gonar. Yakan ba da labarin ɗingishinsa da takalmin a wurin hira, ana dariya, har ya tashi ya gwada yadda ya yi. Tun da na sami hali nake aika masa takalmi duk Sallah. Ban taɓa tambayar girman ƙafarsa ba, shi ma bai taɓa cewa sun matse shi ba.

Inna tana bayan ɗaki tana tsince wake ranar da na iso. Ƙanwarmu, wadda ba ta gane ni ba, ita ta kai ni. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa kamar jiya muka rabu, ta tambayi hanya, ta tambayi ruwa ko ya cika bana. Ta ci gaba da tsintar wakenta har na zaci ta gama da ni. Sannan ta ce, ba ta ɗago ba:

"Kai ne da taurin kai. Na mintsine ka har farcena ya karye. Kuka ɗaya nike nema, ɗaya tak, ka hana ni."

Ta ɗaga babban yatsanta ta nuna mini. Farcen ya fito a karkace, da tsaga a tsakiya. Maganar Goggo ta kan tudu tana bakina, kalma-kalma, ban manta ko ɗaya ba. Na dubi yatsan, na dubi waken.

"Haka ne, Inna," na ce.

Ta ja faifan ta matsa mini wuri a tabarma. Ta rayu shekaru bayan haka, kuma duk baƙon da ya zo sai ta gaya masa cewa wannan ɗan nata shi ya kai kansa.